Ƙaramar kalmar da ta hana mu noman gonarmu

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. An haife ni a wani ƙauye cikin duwatsun Adar, tsakanin Buza da Kaita. Na yi lakwal a garinmu, na tafi kwalej, na tsaya a aji huɗu ban ci gaba ba. Yanzu shekaruna sun wuce arba'in. Kowace rani ina koya ma manya karatu da rubutu, maza da dare, mata da la'asar.

Ƴan'uwa, zan ba ku labarin wani kuskure da na yi ina yaro. Kuskuren bai fi baƙi biyu ba, amma ya sa gidanmu ya rasa noman shekara guda. Ya kuma haɗa innata da wanta faɗa. Ku karanta sannu a hankali, don abin yana iya samun kowa.

Kafin babanmu ya rasu, an yi wata shekara ta yunwa. Ya jinginar da gonarmu ta fadama ga wani mutum na ƙauyen gaba, ya karɓi jaka talatin, ya saya muna hatsi. Kun san yadda jingina take. Mai kuɗi shi ke noma gona har ranar da aka mayar mishi da kuɗinshi. Babanmu ya rasu bai fanshi gonar ba.

Sai wana ya tafi biɗa Abijan. Ya yi dako, ya yi tallar ruwa, ya tara kuɗi kaɗan kaɗan. Da suka cika jaka talatin, ya ba wani mai komowa gida ya kai ma kawunmu. Ya ce kawu ya ajiye su har ya aiko da magana. Lokacin kawu yana Madawa, yana aikin albasa a lambun wani.

Ana nan, sai ga takarda daga Abijan. Wana bai iya rubutu ba. Ya je wurin wani mai rubuta ma mutane wasiƙa, ya faɗa da baki, shi kuma ya rubuta. Duk gidanmu ni kaɗai na iya karatu. Ina aji biyu na kwalej, ina ji da kaina. Inna ta shimfiɗa tabarma, maƙwabta suka taru, aka miƙo mini takarda.

Bayan gaisuwa, ga abin da na gani a rubuce: "Ka gaya ma inna kawu ya biya kuɗin gona."

Inna ta ce: "Mi tac ce? Sake karantawa."

Na sake karantawa da ƙarfi. Na ce: "Kawu ya biya kuɗin gona. An fanshi gonarmu."

Inna ta yi guɗa. Ta aika ma kawu da godiya ta bakin wani mai zuwa kasuwar Madawa. Ɗan saƙo ya ce mishi: "Ƙanwarka tana godiya." Kawu ya ɗauka godiyar ajiya ce. Ya ce ba komi, ya ci gaba da ban ruwan albasa.

Ruwan shuka ya sauka cikin dare. Da asuba muka ɗauki iri da sungumi, ni da inna da ƙannena biyu. Da muka isa fadama, sai muka tarar da mai jingina da ɗiyanshi, sun riga sun shuka rabin gona.

Inna ta ce: "Malam, ai an biya ka."

Ya ce: "Wa yab biya ni? Ni ba wanda yab ba ni ko dala."

Muka komo gida da irinmu a ka. Har yau ban manta da tafiyar nan ba. Ba wanda ya ce uffan a hanya.

Kafin azahar magana ta gama gari. Wasu suka ce mai jingina ya ci amana. Wasu suka ce kawu ne ya cinye kuɗin marayu. Inna ta aika ma wanta da magana mai zafi. Bayan kwana uku kawu ya zo, ranshi a ɓace. Ya kwance wani tsumma gaban mutane, ya zube kuɗi a kan tabarma. Aka ƙirga, jaka talatin cif.

Ya ce: "Ga su nan. An ce in aje, na aje. Ba wanda yac ce mini in biya."

Inna ta ce: "To takarda fa? Takarda ta ce ka biya."

Akwai wani tsoho a garinmu, wanda ya taɓa koyar da yaƙi da jahilci tun ba a haife ni ba. Ya kuma zauna Kano yana saurayi. Aka kai mishi takarda. Ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya kira ni kusa da shi.

Ya ce: "Yaro, wanda ya rubuta wannan, Hausar Kano gare shi. Mu nan Adar, in abu ya wuce, muna cewa ya biya. In muna son a yi abu, muna cewa shi biya. Su can duka biyun ya biya suke cewa. Bambancin a murya yake. In an ja murya, an riga an biya. In an faɗe shi gajere, murya ƙasa, umurni ne. Wanka cewa ya yi kawu shi biya."

Bayan wata biyu wana ya aiko da kaset. Muka saka a rediyo, muka ji muryarshi yana tambaya: "Na ce kawu shi biya, shin an biya?" Da kunne ba wanda zai yi kuskure. Takarda ce ba ta da murya.

An biya mai jingina, amma ya riga ya shuka, kuma shuka ta mai shuka ce. Sai bayan girbi gona ta dawo hannunmu. Shekarar nan tudu kaɗai muka noma, bai kai mu ko'ina ba. Inna ta shiga aikin Furojen Kaita, wanda aka fara a 1984 da taimakon ƙasar Italiya. Tana ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su don tare ruwa, ana biyan su da abinci. Da wannan muka kai ga kaka.

Wannan tsoho ya nuna mini wani abu da ban sani ba. Ya ciro wata tsohuwar jarida daga cikin akwati. Jaridar masu yaƙi da jahilci ce ta Madawa. An rubuta sunanta haka: Saabon Ra'ayii. Na ce: "Baba, don mi aka sa a biyu da i biyu?" Ya ce haka suka koyi rubutu. A 1966 an yi taro a Bamako kan yadda za a rubuta harsunanmu. Bayan taron, a Nijar, in wasali dogo ne sai a rubuta shi sau biyu. Da wannan rubutu, abin da ya wuce sai a sa "yaa". Umurni kuma a sa "ya". A 1980 aka sake taro a Yamai, don rubutun Nijar da na Najeriya su zama ɗaya. Daga nan aka bar ninka wasali. A 1999 gwamnati ta fitar da doka kan rubutun Hausa, shi ne wanda kuke koyo yau.

Rubutun yanzu ya fi sauƙi. Littafin da aka buga a Zariya muna iya karanta shi a Buza. Amma sauƙin ya bar muna aiki: mai rubutu shi zai kula da abin da murya take yi a baki.

Da na koma kwalej sai na fara kallon darasi da wani ido. A Nijar ana fara Ingilishi tun ajin farko na kwalej. Mushe ya rubuta muna kalma biyu a allo: "pay" da "paid". Ta farko biya ce. Ta biyu tana nufin an riga an biya. Na ga ashe su, kalmar aiki ce take sake kama don ta nuna lokaci. In abu ya wuce, su ce "he paid". In suna son a yi, su ce "let him pay". Faransanci ma haka yake, kalmar aiki tana sake wutsiya. Da da Ingilishi aka rubuta wasiƙar wana, da ban yi wancan kuskure ba.

Hausa ba haka take ba. Ku duba waɗannan:

Ya biya.
Yana biya.
Zai biya.
Yakan biya.
Bai biya ba.

Kalmar "biya" tana nan yadda take. Ƙaramar da ke gabanta ita ke sakewa. Ita ke faɗin wanda ya yi aiki. Ita ke faɗin ko namiji ne ko mace, ko mutum ɗaya ne ko jama'a. Ita ke faɗin ko an gama, ko ana cikin yi, ko ba a fara ba. Duk wannan kaya a kanta yake.

Masu ilimin harshe sun raba kalmomi kashi kashi. Uku daga ciki sun ishe mu yau. Akwai suna, kamar kawu, gona, akuya, Madawa. Akwai aikatau, wato kalmar aiki, kamar biya, shuka, tafi, saya. Akwai wakilin suna, kamar na, ka, ki, ya, ta, mun, kun, sun. An ce mishi wakili don yana tsayawa a madadin suna, kamar yadda wakilin ango ke tsayawa wurin ɗaurin aure.

A Ingilishi suna yana iya haɗuwa da aikatau kai tsaye. Su ce "Abdu paid", magana ta cika. A Hausa ba a cewa "Abdu biya" in ana ba da labari. Sai an sa wakili a tsakani: Abdu ya biya, Hadiza ta biya, mata sun biya. Ko mai magana yana nan, sai da wakilinshi. Shi ya sa ɗan Bahaushe in ya fara koyon Ingilishi yakan ce "Abdu he paid". Ni ma na sha jan biro a kan haka. Hausa ce take bin mu har cikin harshen wasu.

Akwai kuma inda Hausa ta fi su bayani. Mu muna cewa ka zo ga namiji, ki zo ga mace, ku zo ga jama'a. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga duka ukun, ita ce "you". Masu kai albasa Gana da masu shiga Najeriya sun san wannan. In aka ce "you", sai ka duba idon mai magana kafin ka san da wa yake. Zabarmawa kuma kalma ɗaya suke sa ma namiji da mace in suna ba da labarin wani. Fulani ma haka. Don haka in kun ji baƙo ya ce "matata ya zo", kada ku yi mishi dariya. Harshenshi bai raba ba. Kowane harshe da inda ya sa ƙarfinshi.

Mu Hausa ba mutane kaɗai muke rabawa ba. Komi namiji ne ko mace. Rana ta fito, wata ya fito. Gero ya nuna, dawa ta nuna. Kasuwa ta ci, gari ya waye. Sunan gari mace ne: Tawa ta cika, Kaita ta yi nisa. Yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, kamar gona da riga da albasa. Amma akwai maza a ciki, kamar gida da nama da wata. Faransawa kuwa rana namiji ce a wurinsu, wata mace. Ba wanda ya zaunar da ku ya koya muku wannan. Kun sha shi a nono. Duk wanda ke cikin ajin nan ya san dokar Hausa tun kafin ya riƙe alli. Abin da ya rage shi ne ku sa ta a takarda ba tare da ta zube a hanya ba.

Ga wani misali daga bakinmu na Adar. Muna cewa ɗiya ga yarinya guda. Muna kuma cewa ɗiya ga yara da yawa. In mutum ya rubuta "ɗiyata", yarinya ɗaya yake nufi. In ya rubuta "ɗiyana", duk yaranshi ne. Baƙi ɗaya ne tsakani, t ko n. To a ce kana Libiya, aka aiko maka da saƙo an ce ba lafiya. Ai kana son ka san ko mutum ɗaya ne a kwance ko gida duka.

Haka ma raba kalmomi. Wakili kalma ce mai zaman kanta, a ba ta wurinta. A rubuta "ya ba ta", kalma uku. In aka haɗe su "ya bata", mai karatu yana iya zaton ya ɓata ake nufi, an manta da lanƙwasa. An ba mace akuya daban, akuya ta ɓata daban.

A ajin mata na bara abin ya so ya maimaita kanshi. Suna da asusu, kowace Juma'a kowa tana zuba abin da aka yanka. Wadda ta fi su hannu ita ke riƙe da kaye. Wata rana ta rubuta gaban sunan wata: "ta biya jaka biyu." Ita tana nufin bashi ne, sai ta biya. Da aka zo lissafi, wata ta karanta ta ce ai an biya. Nan take murya ta fara tashi. Kun ga a nan ko Hausarmu ta Adar ba ta cece mu ba. Ga namiji muna da "ya" da "shi". Ga mace "ta" ce duka biyun.

Na tsayar da su, na ba su labarin gonarmu. Sannan muka yi shawara. Muka raba shafin kaye gida biyu. A gefe ɗaya aka rubuta "an karɓa". A ɗaya gefen aka rubuta "ana bin ta". Muka kuma yarda da wata doka ta wasiƙa. In abu ya wuce, a ƙara kalma: ta riga ta biya, ko ta biya jiya. In ana son a yi, a ƙara kalma: sai ta biya, ko a ce mata ta biya, ko don Allah ta biya. Kalma ɗaya ta ƙari ba ta cinye tawada. Tun daga ranar ba a sake gardama a kan kayen nan ba.

Akwai wata wahala kuma, ita ce kunya. Wata dattijuwa a ajina ta so ta aika ma ƙanenta saƙo. Ta rubuta: "Ya ce mishi shi ba shi, shi kuma ya ƙi." Na karanta, na ce: "Inna, wa yac ce? Wa za a ba? Wa yaƙ ƙi?" Ta yi dariya ta rufe baki. Ɗaya maigidanta ne, ɗaya ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunan ko ɗaya. A gida in ta ce "shi", sai ta nuna ɗaki da haɓa, kowa ya gane. Takarda ba ta da haɓa.

Ban ce ta bar kunya ba, don al'adarmu ce. Na ce ta sa abin da take kiran su da shi. Sai ta rubuta: "Maigida ya ce ma babban yaro shi ba maƙeri kuɗi. Babban yaro ya ƙi." Magana ta fito sarai, kuma ba ta faɗi sunan kowa ba. Wakili yana da amfani in an san wanda ya aiko shi. In mutum biyu ko uku suna cikin zance, a fara kawo suna, sannan wakili ya biyo.

Wani zai ce yanzu ai zamanin salula ne, wa ke rubuta wasiƙa? Gaskiya ne, yau ana kira, ana kuma aiko da murya ta WhatsApp. Amma rubutu bai ragu ba. Ana rubuta saƙo a salula. Ana rubuta takardar sayen gona da ta jingina. Ana rubuta bashin taki da na iri. Ƴan kasuwar albasa suna rubuta buhu nawa aka ɗora, nawa aka biya. Murya tana wucewa, takarda ita ake fitowa da ita gaban mai gari bayan shekara goma. Kuma a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wanda ya iya rubuta Hausa daidai, hannunshi yana da daraja.

Ga abin da nake yi kafin in aika da kowace takarda. Ina karanta ta da ƙarfi, kamar ni ne wanda za a kai mawa. Duk inda na ga ya ko ta ko su, sai in tsaya in yi tambaya uku. Wa ake nufi? An yi ne ko za a yi? In aka karanta da wata murya, ma'ana za ta sake? In na ga hanya biyu, sai in ƙara kalma in toshe ɗaya. In kuma ni aka kawo ma takarda, na ga magana mai fuska biyu, ba ni yanke hukunci. Sai in ce ma mai ita: "Wannan tana iya zama haka, tana iya zama haka. A tambaya tukuna." Da na faɗi haka ina yaro, da inna ta aika Madawa da tambaya maimakon godiya.

Kawu ya yafe ma inna, amma ya yi shekara biyu bai kwana gidanmu ba. Ni kuwa bai taɓa yi mini faɗa ba. Ranar da na fara koyarwa, ya zo ya zauna bayan aji yana saurare. Da aka tashi ya kira ni, ya ce: "Ɗana, ka koya musu su rubuta yadda ba za a zargi mai amana ba." Allah ya jiƙan shi. Gonar tana hannunmu har yau, ni da wana muke noma ta.

Yanzu ku ɗauki kaye. Ku rubuta wannan magana: "Inna ta sayar da akuya." Ku karanta ta da murya biyu, ku ji bambanci. Sannan ku sake rubuta ta sau biyu. Ta farko ta nuna an riga an sayar. Ta biyu ta nuna ana son a sayar. Ku ba na kusa da ku ya karanta, ku gani ko ya gane ba tare da kun buɗe baki ba.